Sayen Abin da Yake Kyauta: Tarihin Kwangilar Kula da Linux

Akwai tambayar da duk mai riƙe da asusun hukuma zai yi: don me za a biya kuɗi a kan abin da aka ce kyauta ne?

A shekarar 1991 ne Linus Torvalds, ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, ya fito da Linux, wato ginshiƙin manhajar da ke sarrafa kwamfuta. Kowa na da izinin ya kwafa, ya gyara, ya raba. Sai dai lasisinta, GPL, ya faɗa ƙarara cewa babu lamuni. In na'urar banki ta tsaya da tsakar dare, albashin dubban mutane ya maƙale, babu wanda za a kama.

Wannan giɓi shi ya zama kasuwa. Tun 1989 kamfanin Cygnus na Amurka yake karɓar kuɗi don kula da manhajojin GNU na kyauta. Red Hat ya haɗiye shi, kana a 2003 ya fito da Red Hat Enterprise Linux, wadda ake biya wa kuɗin shekara-shekara. Me mai biya yake samu? Wanda zai amsa kira, da kuma lokaci, domin kulawar ta kai shekara goma ga kowane bugu. Idan aka gano ɓaraka, injiniyoyi sukan ɗauko gyaran daga sabon bugu su dasa shi a tsohon, ba tare da an rushe aikin da aka gina a kansa ba. Aiki ne mai gundura, wanda ɗan sa-kai ba ya ɗokin yi, kuma a ganina nan ne kuɗin yake halatta. A 2019 IBM ya sayi Red Hat a kan dala biliyan 34.

Masu ƙin biya kuwa suna da hujja, don CentOS, kwafin wannan manhaja, ta yi musu aiki tun 2004 ba ko sisi. Amma a Disambar 2020 aka sanar cewa kulawar CentOS 8 za ta ƙare a ƙarshen 2021, maimakon 2029. An yi ta kuka, alhali babu mai takardar da zai kai gaban alƙali. Waɗansu suka koma Rocky Linux ko AlmaLinux, waɗansu kuma suka sa hannu a kwangilar da suka daɗe suna gudu.