Salsalar Afirkana da matan da aka tsallake

Duk gidan Afirkana, fararen fatar Afirka ta Kudu masu asalin Holandi, da ya tashi bin salsalarsa, a gaɓar teku ɗaya yake tuƙewa: mashigin Kap, inda Jan van Riebeeck ya sauka ran 6 ga Afrilu 1652. Kampanin Holandi mai fataucin Gabas ne ya aiko shi ya kafa zango, domin jiragen ruwa su samu nama da ɗanyen ganye. A 1657 kampani ya sallami ma'aikata 9 ya ba su gonaki. A wajajen 1688 Faransawa masu gudun tsangwamar addini suka iso da sunaye irin su Du Toit da De Villiers, waɗanda kunnen mai jin faransanci ke ganewa nan take.

Binciken ba shi da wuya, domin coci da kampani sun rubuta baftisma da aure da rabon gado. Wuyar tana ga abin da mai bincike ke tararwa, saboda matan Turai kaɗan ne a wancan zamani. Krotoa, ƴar ƙabilar Khoi da ta yi wa Van Riebeeck tafinta, an sa mata suna Eva, ta auri likitan kampani Pieter van Meerhoff a 1664. Bayan mutuwarsa aka tsare ta a tsibirin Robben, inda ta rasu a 1674, amma jikokin ɗiyarta Pieternella sun bazu cikin gidajen fararen fata. Haka Angela, baiwa daga Bengal: an ƴanta ta a 1666, ta auri Arnoldus Basson, ta zama kakar zuriyar Basson.

Da mulkin wariya ya hana auren jinsi biyu a 1949, ya kuma yi wa kowa rajistar launi a 1950, irin wannan suna a kundin iyali ya zama abin ɓoyo, tun da unguwar mutum da makarantar ƴaƴansa sun rataya ga launin da hukuma ta rubuta masa. Sai masu salsala suka riƙe layin uba, suka bi ta kan uwa da sauri. A ganina wannan shiru ya fi ƙarya ɓarna.

A 1971 masanin nasaba J. A. Heese ya ƙiyasta cewa kusan kashi 7 cikin 100 na asalin Afirkana ba na Turai ba ne. A 2020 wani binciken ƙwayoyin halitta ya auna mutum 77, ya samu wannan gado a jinin 76.