Conan Doyle da Shari'ar Edalji: Marubucin Labaran Bin Diddigi a Gaban Hukuma

Adabin bin diddigin laifi, watau irin labaran da ake ƙullawa a kan wani ɓoyayyen ta'adi sa'an nan a warware shi ta hanyar hujja, bai daɗe a duniya ba. Masana sun fi danganta mafarinsa ga Edgar Allan Poe, mutumin Amurka, wanda ya buga labarinsa na farko mai wannan siga a cikin 1841. Shekara guda bayan haka 'yan sandan Landan suka kafa sashensu na 'yan sandan ciki. Kusantar nan ba ta banza ba ce, domin labari irin wannan ba ya karɓuwa sai inda jama'a suka fara yarda cewa shaida ce ke kama mai laifi, ba duka ko rantsuwa ba. Maƙasudin wannan lacca shi ne duba abin da ya faru sa'ad da mashahurin marubucin wannan fanni ya ajiye alƙalamin ƙaga labari, ya gwada dabarunsa a kan shari'a ta gaske.

An haifi Arthur Conan Doyle a birnin Edinbara na ƙasar Sikotlan a 1859, a can kuma ya karanta likitanci. Cikin malamansa akwai Joseph Bell, likitan fiɗa wanda ya shahara da duban majiyyaci ya faɗi sana'arsa da inda ya fito tun bai buɗe baki ba, ta la'akari da kantar hannunsa, ko tafiyarsa, ko taɓon da ke takalminsa. Doyle ya yi masa aikin akawu a ɗakin ganin marasa lafiya, daga baya kuma ya faɗa da bakinsa cewa daga Bell ya samo Sherlock Holmes. Bayan ya gama karatu a 1881 ya yi aikin likita a jirgin ruwa mai suna Mayumba, wanda ya biyo gaɓar Afirka ta Yamma har Ikko da Kalaba. A 1882 ya buɗe ɗakin shan magani a Southsea. Majiyyata ba su zo da yawa ba, sai ya cike lokacin jira da rubutu. Littafin Holmes na farko ya fito a 1887, kuma fam 25 kacal aka biya shi, ya sallama haƙƙin mallakarsa baki ɗaya. Kafin ya rasu a 1930 ya rubuta littattafai 4 da gajerun labarai 56 a kan wannan mutum da ya ƙaga.

Sirrin sana'ar a fili yake ga wanda ya lura. Marubuci daga ƙarshe yake farawa. Shi ya san mai laifin tun kafin ya rubuta layin farko, shi ya shuka sawu a bakin taga, shi ya zubar da tokar taba a kan darduma. Saboda haka duk abin da Holmes ya tsinta yana da ma'ana, domin an ajiye shi ne don a tsinta. Har ila yau, a cikin labari da zarar gaskiya ta bayyana sai kowa ya sallama: ɗan sanda ya sunkuyar da kai, mai laifi ya amsa. Waɗannan gata biyu su ne Doyle ya rasa a 1907.

George Edalji lauya ne a Birmingham. Mahaifinsa, Shapurji Edalji, mutumin Bombay ne daga al'ummar Farsi ta Indiya, wanda ya karɓi addinin Kirista har ya zama limamin majami'ar ƙauyen Great Wyrley a lardin Staffordshire. Mahaifiyarsa kuwa Baturiya ce. Shekara da shekaru ana aika wa gidan wasiƙun zagi da barazana marasa sa hannu. A 1903 wani ya shiga bin dabbobin ƙauyen da dare yana farke musu ciki, dawaki da shanu da tumaki. Da aka wayi gari ran 18 ga Agusta an sami wani ƙuru na ma'aikatar kwal a farke, sai 'yan sanda suka kama George. Hujjojinsu su ne gashin doki da aka ce an samu a rigarsa, da taɓo a takalminsa, da shaidar wani gwanin gane rubutun hannu mai suna Thomas Gurrin, wanda ya ce George ne ke rubuta wasiƙun, watau shi ke zagin kansa da iyayensa. Uban ya yi rantsuwa cewa ɗaki ɗaya suke kwana, kuma da ƙofa a kulle. Kotu ba ta saurara ba, aka ɗaure shi shekara 7. Yana tsare aka ci gaba da farke dabbobi.

Abin da ya kamata ɗalibin shari'a ya riƙe shi ne, a wancan zamani Ingila ba ta da kotun ɗaukaka ƙara ta sosai a shari'ar laifi. Wanda aka zalunta sai dai ya kai kuka Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida. Mutane wajen 10,000 suka sa hannu a takardar koke, aka kuma gano cewa Gurrin ya taɓa yin kuskuren da ya taimaka wajen ɗaure wani marar laifi, Adolf Beck. A 1906 aka saki Edalji bayan shekara 3, ba bayani, ba afuwa, sunansa kuma a soke daga rajistar lauyoyi. A nan ne ya rubuta wa Doyle.

Sun yi alkawarin haɗuwa a wani masauki a Landan cikin Janairu 1907. Doyle ya makara, ya tarar da baƙonsa yana karanta jarida, ya kai ta dab da idonsa, ya kuma karkatar da ita gefe. Da yake ya taɓa nazarin cututtukan ido, nan take ya gane mutumin yana da raunin gani mai tsanani, gwaji kuma ya tabbatar. Yaya mai irin wannan ido zai ratsa layin dogo da shingaye cikin duhu da ruwan sama, ya kauce wa 'yan sandan da ke sintiri, ya farke doki, ya komo? Ya je ƙauyen da kansa, ya nuna cewa taɓon takalmin baƙi ne alhali ƙasar filin jan yumɓu ce. Ya buga bincikensa a jaridar Daily Telegraph, ya yafe haƙƙin mallaka don kowace jarida ta kwafa, ya kuma faɗa ƙarara cewa ƙyamar launin fata ce tushen al'amarin.

A labari, nan ne ƙarshe. A ofis kuwa sai aka naɗa kwamitin mutum 3, ɗaya daga cikinsu yana da dangantaka ta jini da Kyaftin George Anson, shugaban 'yan sandan lardin da ake ƙorafi a kansu. A watan Mayu 1907 kwamitin ya ce hukuncin bai tsaya a kan hujja mai ƙarfi ba, aka yi wa Edalji afuwa. Amma ya ƙara da cewa shi ne ya rubuta wasu daga cikin wasiƙun, don haka shi ya jawo wa kansa, ba za a biya shi diyya ko anini ba. Hukuma ta saki mutumin ba tare da ta amsa laifin kowane jami'inta ba, dabarar da ma'aikatan gwamnati na kowace ƙasa ba za su kasa ganewa ba. Duk da haka an mayar da sunansa cikin lauyoyi, kuma shari'arsa tare da ta Beck suna cikin dalilan da suka sa majalisa ta yi dokar kafa kotun ɗaukaka ƙarar laifuffuka a wannan shekarar.

Sai dai laifi tudu ne. Doyle bai iya barin labari ba mai laifi ba, sai ya nuna wani mutumin yankin, Royden Sharp, bisa jita-jita da kamannin rubutu da wata wuƙar likitan dabbobi da aka ce ya mallaka. Hujjojin nan ba su fi waɗanda aka ɗaure Edalji da su ƙarfi ba, lauyoyin gwamnati kuma ba su sha wahala wajen watsar da su ba. Wannan likita dai shi ne a 1920 ya gaskata hotunan da wasu 'yan mata biyu suka ɗauka na 'yan aljanu masu fukafukai, waɗanda a 1983 suka amsa cewa zane ne suka yanka daga takarda.

Shari'a ta biyu ta fi tsawo. An yanke wa Oscar Slater, Bayahude ɗan asalin Jamus, hukuncin kisa a 1909 bisa zargin kashe wata tsohuwa a Glasgow, daga baya aka sassauta zuwa ɗaurin rai da rai. An fara zarginsa ne saboda wani abin ado da ya jinginar, alhali an gano tun da wuri cewa ba na tsohuwar ba ne. Doyle ya buga ɗan littafi a kan batun a 1912. Wani ɗan sandan ciki, John Trench, da ya fito da shakkunsa, korarsa aka yi daga aiki a 1914. Sai a 1927 aka saki Slater bayan shekara 18, a 1928 kotu ta soke hukuncin, gwamnati ta ba shi fam 6,000. Doyle ya nemi ya mayar masa da kuɗin da ya kashe a kan ƙarar, Slater ya ce gwamnati ce ya kamata ta biya, suka ɓata har magana ta kai jaridu. Edalji kuwa ya halarci walimar auren Doyle na biyu a 1907, ya ci gaba da aikin lauya, ya rasu a 1953 gwamnati ba ta biya shi kome ba.