MBSR (Shirin Rage Damuwa ta Hanyar Natsuwa)

MBSR shiri ne na mako takwas da ke horar da mutum ya tsayar da hankalinsa a kan halin da yake ciki, domin rage damuwa da yawan saƙe-saƙe. Jon Kabat-Zinn ne ya kafa shi a shekarar 1979 a cibiyar lafiya ta Jami'ar Massachusetts da ke Worcester, Amurka. Dabarunsa sun samo asali daga addinin Buddha, amma ana koyar da su ba a matsayin ibada ba.

Mahalarta kan haɗu sau ɗaya a mako na kimanin awa biyu da rabi, su kuma yi atisaye na minti 45 kullum a gida. Ana lura da numfashi, a bi sassan jiki da hankali ɗaya bayan ɗaya, sannan a yi yoga mai sauƙi. Idan fargabar abin da gobe za ta haifar ta taso, ba a kokawa da ita. Ana lura da zuwanta, sai a maido da hankali kan numfashi.

Daga shirin ne aka samar da wani shiri mai suna MBCT, wanda hukumar lafiya ta NICE a Birtaniya ta amince da shi a 2004 don hana ciwon baƙin ciki sake dawowa.