Wuƙa ko Ruwan Naƙuda: Tarihin Zaɓi a Kan Cikin da Ya Wuce Watanninsa

Gabatarwa

A asibitocin haihuwa na wannan zamani akan sami mace wadda cikinta ya cika mako 41 ko ya ɗara, naƙuda ba ta zo ba, hoton ciki kuma ya nuna ɗan yana da girma. A nan likita yakan shimfiɗa mata hanyoyi uku: ko a ƙara jira ana sa ido, ko a tayar da naƙuda da magani, ko kuwa a yi mata aiki a ciro ɗan ta ciki. Wanda bai bi tarihi ba zai zaci wannan zaɓi tun fil azal yana nan, alhali kuwa bai wuce shekara 150 da samuwa ba. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda wuƙa da magani suka zama abin dogara bayan sun daɗe suna halaka mata, sa'an nan a duba matsalar da ta fi kowace jinkirin warwaruwa, watau ko a hannun wa ikon zaɓen yake.

Zamanin da wuƙa take daidai da mutuwa

Tsaga ciki domin ciro ɗa tsohon abu ne, amma a kan gawa aka san shi. Wata tsohuwar doka ta Rumawa, wadda ake jingina wa Sarki Numa, ta hana a binne mace mai ciki sai an cire abin da ke cikinta. Malaman fiƙihu na Musulunci ma sun tattauna wannan mas'ala a kan matar da ta rasu ɗanta yana motsi, suka yi saɓani a kanta. Turawa suna kiran aikin da sunan Kaisar, amma masana tarihi ba su yarda cewa Yuliyas Kaisar ta wannan hanya ya zo duniya ba, domin mahaifiyarsa Aurelia ta rayu har ya manyanta.

Abin sha'awa, labarin da ya fi shahara a Gabas game da wannan aiki labarin babban ɗa ne. A cikin Shahnama, wadda Firdausi na Farisa ya kammala wajen shekara ta 1010, jarumi Rustam ya yi girman da mahaifiyarsa Rudaba ta kasa haifar sa, sai da aka bugar da ita da giya, aka tsaga kuiɓinta, aka ciro shi, aka ɗinke, ta kuma rayu. Wannan almara ce. A zahiri kuwa an ƙiyasta cewa tsakanin 1787 da 1876 babu mace ko ɗaya da ta tsira daga wannan aiki a birnin Faris. Dalili shi ne likitoci ba sa ɗinke mahaifa bayan sun tsaga ta, suna zaton za ta haɗe da kanta, sai jini ko ruɓa ya kashe mai jego. Saboda haka in ɗa ya maƙale, abin da aka fi yi shi ne a fasa kansa a ciro shi gunduwa-gunduwa domin a ceci uwa.

Jira da abin da ya jawo a 1817

Babu misalin da ya fi nuna halin da ake ciki kamar na Gimbiya Charlotte, jikar Sarki George na Uku, wadda ake sa ran za ta gaji sarautar Ingila. Tana da shekara 21, cikinta ya wuce ranar da aka ƙiyasta da kimanin mako biyu. Faya ta fashe ranar 3 ga Nuwamba 1817, aka shiga naƙuda wadda ta ɗauki awa 50. Likitanta, Sir Richard Croft, yana bin koyarwar zamaninsa, wadda ta ce a bar halitta ta yi aikinta, kada a yi gaggawar sa hannu. Awartakin haihuwa, wanda zuriyar Chamberlen suka ƙirƙira suka ɓoye sirrinsa fiye da shekara 100, ya riga ya bazu a lokacin, amma ba a yi amfani da shi ba. Daren 5 ga wata ta haifi ɗa namiji babu rai, nauyinsa laba 9, watau kimanin kilo 4. Kafin gari ya waye ita ma ta cika. Bayan wata uku Croft ya harbe kansa.

Wannan haihuwa ta juya tarihin daular Ingila. Da aka rasa magaji, 'ya'yan sarki suka shiga rige-rigen aure, daga nan aka haifi Victoria a 1819, wadda a ƙarshen mulkinta, a 1900, Ingila ta shelanta mallakar Arewacin Nijeriya. Ga likitoci kuwa darasin da aka ɗauka shi ne jira ma mataki ne, yana kuma iya kisa kamar yadda wuƙa take yi.

Asalin tayar da naƙuda

Tunanin tayar da naƙuda ya riga Charlotte. A 1756 manyan likitocin Landan suka yi taro a kan matan da ƙashin ƙugunsu ya tsuke saboda ciwon tanƙwarar ƙashi na ƙuruciya, suka amince cewa ya halatta a fasa faya tun ciki bai cika ba, domin a haifi ɗan kafin ya fi ƙarfin hanya. Ke nan tun daga tushe girman ɗa ne ya haifar da wannan dabara.

Neman maganin da zai matsa mahaifa shi ya fi wuya. A 1808 wani likitan Amurka, John Stearns, ya yaba wa garin ergot, wata cuta da ke kama hatsin Turai kamar yadda burtuntuna take kama dawa, ya ce yana gaggauta haihuwa. Ba a daɗe ba yawan jariran da ake haifa babu rai ya ƙaru a New York, har a 1822 David Hosack ya ce sunan da ya dace da shi garin mutuwa. Aibinsa shi ne yana ƙulle mahaifa ba sassautawa, sai jini ya daina isa ga ɗa. A 1906 Henry Dale ya gano cewa ruwan wani ƙullutu da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa yana sa mahaifa ta matsa, William Blair-Bell kuma ya fara ba mata shi a 1909. Shi ma da fari allura guda ake yi, wani lokaci mahaifa ta yage. Gyara ya zo a 1948, sa'ad da Geoffrey Theobald ya nuna cewa in aka tsarma maganin a ruwa ana ɗiga shi a jijiya, ana iya ƙarawa, ana iya ragewa, ana iya tsayarwa. Wannan ne asalin abin da mata suke kira ruwan naƙuda. Vincent du Vigneaud ya haɗa sinadarin, watau oksitosin, a ɗakin gwaji a 1953, aka ba shi kyautar Nobel a 1955. A 1964 Edward Bishop ya fito da ma'aunin da ake duba nunar bakin mahaifa da shi kafin a fara. A 1968 kuma, a Jami'ar Makerere ta Kampala, Sultan Karim da abokan aikinsa suka tayar da naƙuda da furostagilandin, dangin magungunan da yanzu ake tausasa bakin mahaifa da su.

Yadda aka gyara wuƙa

Abu uku suka sauya aikin tiyata: maganin sa barci, wanda aka fara nunawa a Boston a 1846, tsabtace hannu da kayan aiki daga ƙwayoyin cuta, wanda Joseph Lister ya yaɗa daga 1867, da kuma ɗinkin mahaifa. Ya kamata a lura cewa Turai ba ita kaɗai ta san wannan fanni ba. A 1879 Robert Felkin ya ga masu magani na ƙasar Bunyoro, a Yuganda ta yau, sun yi wa wata mace aiki: suka ba ta giyar ayaba, suka wanke hannu da cikinta da ita, suka tsayar da jini da ƙarfen da aka gasa ya yi ja, suka haɗe fata da tsinkayen ƙarfe. Uwa da ɗa suka rayu, ƙwarewar da ya gani kuma ta nuna masa cewa ba ranar suka fara ba.

A Turai, Eduardo Porro na Pavia ya ceci mace a 1876 ta hanyar cire mahaifar ɗungum bayan ciro ɗa, amma ta yi sallama da haihuwa ke nan. Max Sänger na Leipzig ne a 1882 ya tabbatar da ɗinke mahaifa da kyau, mace-mace suka ragu ƙwarai. A 1926 Munro Kerr na Glasgow ya yaɗa yanka a kwance a ƙasan mahaifa, inda tabo ya fi ƙarfi. Da ƙarin jini da magungunan kashe ƙwayoyin cuta suka samu a tsakiyar ƙarni na 20, aikin ya zama na yau da kullum. Daga nan ne aka sami hanyoyi biyu na gaskiya da za a auna.

Lissafin kwanaki da awon nauyi

Sai dai zaɓin ya dogara ne a kan ƙiyasi biyu, kowannensu da rauninsa. Na farko lissafin kwana 280 daga farkon hailar ƙarshe, wanda ake jingina wa Franz Naegele na Jamus. Jariran da ke zuwa a ranar da aka lissafa ba su fi 5 cikin 100 ba. Na biyu awon nauyi da na'urar hoton ciki, wadda Ian Donald ya gabatar a Glasgow a 1958. Kuskurenta a ƙarshen ciki yakan kai kashi 10 cikin 100 ko fiye, ta yadda ɗan da aka ce kilo 4 ne yana iya zuwa da 3.6 ko 4.4.

Game da cikin da ya wuce lokaci, bincike ya karkata ga tayar da naƙuda. A wani gwaji na Kanada da aka buga a 1992, wanda ya ƙunshi mata 3,407, waɗanda aka tayar wa naƙuda ba su fi waɗanda aka jira shiga tiyata ba, har ma sun ɗan gaza su. A Suwidin aka tsayar da wani gwaji tun bai ƙare ba, aka buga shi a 2019, domin jarirai 6 sun mutu a rukunin da aka jira har mako 42, babu ko ɗaya a rukunin da aka tayar wa a mako 41. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar tayar da naƙuda in an tabbata ciki ya kai mako 41.

Game da girma, abin tsoro shi ne kai ya fito kafaɗa ta maƙale a bayan ƙashin mara, jijiyoyin hannu su ɗame, ko ɗa ya rasa iska. Tiyata tana kawar da wannan haɗari, amma da tsada. Wani lissafi da aka buga a Amurka a 1996 ya nuna cewa ga matan da ba su da ciwon sukari sai an yi wa dubbai aiki kafin a hana shanyewar hannu guda ta dindindin; ga masu ciwon sukari kuwa adadin ɗaruruwa ne. Shi ya sa ƙungiyar likitocin haihuwa ta Amurka ta ce a yi tunanin tiyata in ƙiyasi ya kai kilo 5, ko kilo 4.5 ga mai ciwon sukari. Har ila yau tabon mahaifa yana bin mace zuwa cikin gaba: yana iya yagewa a naƙuda, mabiyiya kuma tana iya mannewa a kansa. Nauyin wannan ga mai niyyar haihuwa biyu daban yake da nauyinsa ga mai fatan bakwai.

Wa ke da ikon zaɓe?

Tun da alƙaluma ba su yanke hukunci su kaɗai ba, tilas wani ya auna. Shekaru da yawa likita ne yake yi, shari'ar Ingila kuma tun 1957 tana karɓar duk abin da wani rukunin likitoci masu mutunci suka ɗauka daidai. Shari'ar Montgomery ce ta sauya wannan. A 1999, a Lanarkshire ta Sikotilan, wata mace gajera mai ciwon sukari tana ɗauke da babban ɗa. Haɗarin maƙalewar kafaɗa a irin halinta ya kai 9 zuwa 10 cikin 100, amma ba a faɗa mata ba, domin likitar tana ganin in aka faɗa wa mata za su nemi tiyata. Aka tayar da naƙuda, kafaɗa ta maƙale, aka yi minti 12 ana fama, yaron ya tashi da naƙasar ƙwaƙwalwa. A watan Maris 2015 Kotun Ƙoli ta Birtaniya ta yanke cewa wajibi ne likita ya bayyana wa majiyyaci duk haɗarin da mai hankali zai so ya sani, da sauran hanyoyin da ke akwai, sa'an nan ya bar masa zaɓi. Hujjar kotu ita ce ilmin haɗari na likita ne, amma jikin da zai ɗauki haɗarin na mace ne.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa wuƙa ta amfanar ne bayan an koyi ɗinki da tsabta, magani ya amfanar bayan an koyi awo, jira kuma yana amfanarwa muddin akwai mai sa ido. Duka ukun suna bukatar mace ta iso da wuri. Binciken da Kelsey Harrison ya buga a 1985, a kan haihuwa 22,774 a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tsakanin 1976 da 1979, ya nuna cewa mace-mace sun fi yawa nesa ba kusa ba a cikin matan da ba su je awo ba, waɗanda aka kawo bayan naƙuda ta yi tsawo. Ƙididdigar lafiya ta Nijeriya ta 2018 kuma ta sami kimanin haihuwa 3 cikin 100 ne kawai ta tiyata, a arewa maso yamma bai ma kai haka ba. Matar da aka kawo bayan kwana uku tana naƙuda ba ta da sauran zaɓi. Abin da ya rage ƙoƙarin ceto ne, sau da yawa kuma yoyon fitsari ya biyo baya. Saboda haka ma'aikacin da ke tsara kasafin asibiti, ko gyaran hanya, ko ajiyar jini, yana da hannu a wannan al'amari kamar likita, domin aikinsa ne yake sa a iso da mace tun tana da ikon a tambaye ta ta amsa.