Bauchin Yakubu: Birnin Da Aka Shata

Jama'a, Bauchi ba tsirowa ta yi haka kawai ba, shata ta aka yi. A 1809 Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu, ya baro Inkil ya kafa birnin a tsakanin duwatsu, aka ja masa ganuwa mai ƙofofi tara. Dubi sunayensu mana: Ƙofar Wase, Ƙofar Tirwun, Ƙofar Inkil, kowacce tana faɗin inda hanyarta ta nufa.

Ta waɗannan ƙofofi kakanninmu fatake suka shigo daga Kano da Katsina, jakunansu ɗauke da kanwa da baƙaƙen riguna. An yi cinikin bayi ma, kada mu ɓoye.

To yau fa? Ganuwar mun ɗebe ƙasarta mun yi tubali. Tambayi ɗanka ina Wunti take, kasuwa zai nuna maka.