"Kai Gaci" da Takwarorinta a Tarihin Hanyoyin Ƙasar Jama'a

Idan Bahaushe ya ce wani "ya kai gaci", abin da yake nufi shi ne mutumin ya cimma babban burin da ya daɗe yana wahala a kansa. Ana faɗin haka ga ɗalibin da ya sauke karatu, da mai shari'ar da alƙali ya ba gaskiya bayan dogon zarya. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun wannan adon magana cikin tarihin hanyoyin kudancin ƙasar Zazzau, domin ta nuna cewa "gaci" ba ɗaya ba ne da sauran kalmomin da ake jera shi da su, kuma bambancin yana da nauyi ga mazauna wannan yanki.

Asalin ma'anar gaci ita ce gaɓar kogi, musamman wadda mai tsallaka ruwa ya nufa. Wanda bai taɓa tsayawa bakin kogi cikin marka da kaya bisa jakuna ba, da wuya ya ji nauyin kalmar. Fataken da ke tasowa daga Kano da Zariya zuwa Keffi da Loko a ƙarni na 19 sai sun ratsa Kogin Kaduna da ƙoramu masu yawa da ke gangarowa daga duwatsun yankin, kafin su ga Binuwai. A bakin kowane babban ruwa madugu kan tsayar da ayari, a yi cinikin fito, sannan a haye da kwalekwale ko manyan ƙwarya. Tsakanin gaɓa da gaɓa ne ake asarar dabba da haja, wani jiƙon har da rai. Shi ya sa wannan magana ta fi yawa a bakin mutane cikin sigar korewa, wato "bai kai gaci ba", domin kullum tana ɗauke da tunanin wanda ruwa ya ci a tsakiya.

Tarihin yankin ya adana misali mai kyau. Bayan rasuwar Kyaftin Clapperton a Sakkwato cikin Afrilun 1827, baransa Richard Lander ya koma Kano, daga can ya yi kudu da nufin ya kai Kogin Kwara ya ga inda yake ƙarewa. Ya bi ta kasuwar Katab, ya isa Daroro da damina, sai mahaya daga Sarkin Zazzau suka cim masa suka juya da shi Zariya. Daroro ita ce mazaunin sarautar Jama'a a lokacin, masarautar da aka kafa wajen 1810 a ƙarƙashin Zazzau. Lander ya tsira da ransa, ya kuma koma Ingila, amma babu mai cewa ya kai gaci sai a 1830, lokacin da shi da ƙanensa John suka bi kogin har teku.

Nan ne bambanci na farko yake. Wanda ya kuɓuta daga haɗari ya hau "tudun mun tsira", ko da ya bar bukatarsa a baya. Wanda ya kai gaci kuwa ya haɗa tsira da biyan bukata. Masu fassara a gidajen rediyo sukan musanya su, kuma wannan sakaci ne.

"Haƙa ta cimma ruwa" ta fi kusa, sai dai hotonta daban ne. Mai haƙar rijiya yana wuri guda, naciya ce jarinsa, kuma bai san zurfin da ruwan yake ba. Mai neman gaci yana hango inda za shi tun daga farko. Don haka manomin citta a Kachia da ya shekara yana jiran kasuwa ta yi kyau, haƙarsa ce ta cimma ruwa, amma direban da ya sauke buhunan lafiya a Kano shi ne ya kai gaci. "Kwalliya ta biya kuɗin sabulu" lissafin riba ce kawai.

Wadda ta fi su duka nisa ita ce "magaryar tuƙewa". Wannan daga zauren malamai ta fito, domin fassara ce ta Sidratul Muntaha da aka ambata a aya ta 14 ta Suratun Najmi, wato iyakar da halitta ba ta ƙetarewa. Abin lura shi ne, da ta shiga bakin jama'a sai ta karkata ga ƙarewar dabara ko haƙuri: an ce rikici ya kai magaryar tuƙewa idan babu sauran abin yi. Gaci kuwa yana da hanya a bayansa. Ayarin da ya haye yau, gobe zai ɗaura kaya ya ci gaba.

Zuwan jirgin ƙasa bai kashe wannan hoto ba. Layin gabas da aka faro daga Fatakwal a 1913 ya kai Inugu a 1916, kuma zuwa 1927 Kafanchan ta zama mararrabar da hanyoyin Kaduna da Jos da Fatakwal suka haɗu. Amma a Makurɗi sai da aka yi shekaru ana fiton taragu da jirgin ruwa, har aka buɗe gadar Binuwai a 1932. Ke nan dogon ma ya daɗe yana neman gaci kamar fatake. A 1933 sarautar Jama'a ta tare a Kafanchan, inda kasuwa da ma'aikatan reluwe suka tattaru. Sunan Gidan Waya kansa, wanda a Hausa ke nufin ofishin aika saƙo, na wannan zamani ne da labari ya fara riga matafiyi isa.

Saura kalma guda da ba takwarar gaci ba ce, amma ba a fahimtar gaci sai da ita, wato "zango". Zango wurin yada kaya ne na kwana ɗaya ko biyu, kuma sunan yana ɗauke da alkawarin tashi. Sai dai zanguna da yawa a Afirka ta Yamma, daga Kumasi har Zangon Katab, sun zama garuruwan da aka haifi kakanni aka kuma binne su a ciki. Ga mai kallon sunan, wurin masauki ne na baƙi. Ga wanda aka yanke wa cibiya a can, nan ne gacin da iyayensa suka kai. Su kuma Atyap, waɗanda Hausawa ke kira Katab, suna da nasu tarihin na gonaki da sarauta da harajin da aka karɓa a hannunsu zamanin mulkin Zazzau da na Turawa. Rikicin da ya tashi a watan Fabrairun 1992 kan sauya wa kasuwar garin mazauni, ya kuma sake ɓarkewa a watan Mayu har ya kai Kaduna, yana da dalilai na siyasa da tattalin arziki da suka fi ƙarfin nazarin harshe. Duk da haka, ƙarƙashin gardamar akwai tambayar ko garin zango ne har yanzu, ko kuwa ya daɗe da zama gida. A 1995 gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa masarautar Atyap, garin kuma bai canza suna ba.