Kolrabi da Lambunan Talakawan Jamus

Daga cikin dangin kabeji, waɗanda masana tsirrai suka tabbatar asalinsu ɗaya ne, wato wani ganyen daji da ke fitowa a duwatsun gaɓar tekun Turai, akwai wani wanda Allah bai ajiye albarkarsa a ganye ko a saiwa ba, sai a kara, domin karan ne ke kumbura a bisa ƙasa har ya kai girman lemon zaƙi, ganyaye na fita ta jikinsa ko ta ina. Shi ne kolrabi. Wani malamin tsirrai na Italiya, Mattioli, ya ambace shi a 1554 a matsayin baƙon da bai daɗe da shigowa ƙasarsu ba. Kafin ƙarnin ya ƙare kuwa ya bazu har Jamus, inda ya sami gindin zama irin wanda bai samu ba a sauran Turai.

To, dalilin wannan karɓuwa ba a manyan gonaki za a neme shi ba, sai a 'yan lambunan bayan gari, waɗanda tarihinsu abin mamaki ne. A 1864 wani shugaban makaranta a birnin Laifzig, Ernst Hauschild, da ya ga 'ya'yan ma'aikatan masana'antu suna tashi cikin ƙuncin ɗakuna, ba iska ba rana, sai ya kafa wata ƙungiya don sama musu filin wasa, ya kuma sa mata sunan Likita Moritz Schreber, wanda ya rasu a 1861. Har yau da sunan likitan nan ake kiran lambunan, alhali kuwa bai san da zamansu ba. Abin da ya shahara da shi shi ne tsananin tarbiyya, har da ƙera wasu ƙarafa na tilasta wa yaro zama a miƙe. Bayan 'yan shekaru wani tsohon malami, Heinrich Gesell, ya yanka wa yaran fangaloli a gefen filin don su koyi noma. Yara dai, kamar yadda kowane uba ya sani, ba su da juriyar cire ciyawa. Da fangalolin suka soma lalacewa sai iyaye suka karɓe, suka kewaye da shinge, kowa ya kafa 'yar bukkarsa, abin da aka nufa da tarbiyyar yara ya koma maslahar tukunya.

Mai ɗan fili kuwa dole ya yi hisabin kowane taku, kuma a nan kolrabi ya fi 'yan'uwansa. Kabeji mai dunƙulen kai yana cin wuri, yana kuma riƙe fangali wata da watanni. Shi kuwa wannan, in an dasa shi da tazarar taƙi ɗaya da 'yan kai, aka wadata shi da ruwa, cikin wata biyu ya isa cira, har a sake dasa wani kafin sanyin hunturu ya kankama. Sharaɗinsa guda ne, wanda ma'abota lambu ba su gajiya da nanatawa: kada kwaɗayin girma ya sa a bar shi ya wuce lokacinsa, ko a bar ƙasa ta bushe sa'an nan a malala mata ruwa, domin na farko yana mai da shi itace, na biyu yana tsaga shi. Idan aka yanke shi da ƙuruciya, sai a fere a ci ɗanye, ga garɗi ga ɗan zaƙi, ko a yayyanka a dafa a cikin romon madara da man shanu da garin alkama, a haɗa da dankalin Turawa. Jamusawa da yawa kan zubar da manyan ganyayen, wanda a ganina almubazzaranci ne, tun da mutanen Kashmir da ganyen suke dafa shi su ci da shinkafa.

Ƙimar lambunan ba ta bayyana sosai ba sai da musiba ta sauka. A Yaƙin Duniya na Farko jiragen ruwan Ingila sun toshe wa Jamus hanyar abinci, dankali kuma ya lalace a 1916, har yunwa ta halaka dubban ɗaruruwan mutane. Wanda ke da fangali a lokacin ya fi mai albashi kwanciyar hankali. Saboda haka a 1919 hukuma ta kafa dokar da ta hana masu filaye korar masu haya ba bisa hujja ba, ta kuma ƙayyade kuɗin hayar. Bayan 1945 ma, da gidaje suka rushe, iyalai sun tare a bukkokin lambu, aka sare itatuwan babban wurin shaƙatawa na Barlin don makamashi, aka noma kayan miya a gurbinsu.

Da wadata ta dawo sai mutane suka karkata ga furanni da shimfiɗar ciyawa, amma shari'a ba ta sakar musu linzami ba. Dokar 1983 ta ce kada lambu ya wuce murabba'in mita 400, bukka kuma 24, sa'an nan babbar kotun tarayya ta yanke a 2004 cewa lalle kimanin sulusin filin ya kasance na abin da za a ci. Wakilan ƙungiyoyin masu lambu kan zaga su duba, wanda duk ya saɓa a yi masa gargaɗi, in ya ƙi ji a karɓe lambun.